Gaɓa Ta Takwas

Akwai wani mutum mai rubuta manhajar kwamfuta, wanda abokan aikinsa ke kira Dattijo. Ba wai ya tsufa tukuf ba ne, shekarunsa hamsin da 'yan kai. Amma a ofishin da rabin ma'aikatan ba su gama tsirar gemu ba, wanda ya kai hamsin ai kakan kowa ne.

Kamfanin nasu ƙarami ne. Manhaja suke yi wa ƙananan asibitoci, wadda ke riƙe sunayen marasa lafiya da ranakun ganin likita da lokacin karɓar magani. Dattijo yana cikin mutum uku da suka fara aikin tun suna ɗaki ɗaya da fanka ɗaya. Sauran biyun sun daɗe da yin gaba, suka bar shi da yaran zamani.

Ciwon suga ne ya ci masa ido, kuma a hankali ya ci. A shekarun da yake ganin aiki ya fi komai, sai ya yi wata biyu bai je karɓar magani ba, kullum yana cewa sai gobe. Ko da ya farga, in ya dubi allon kwamfuta ba ya ganin komai sai haske.

Bai ajiye aiki ba. Ya koyi yi da kunne. Akwai wata manhaja mai murya da ke karanta masa duk abin da ke kan allo, yana ji ta abin sauraro mai kai biyu. Sai dai kai ɗaya kawai yake sawa, a kunnen dama, ɗayan yana reto a ƙirjinsa. Wata rana 'yarsa ta tambaye shi dalili, ya ce, "Na bar na hagun ne a buɗe, ko wani zai yi mini magana."

Ba a cika yi masa ba. Ba ƙin sa ake yi ba, mantawa ake yi da shi, wanda ni a ganina ya fi ƙiyayya ciwo. Teburinsa yana can lungu kusa da injin buga takardu. In lokacin cin abinci ya yi, yana jin kujeru suna ja da baya, ana dariya, ƙofa ta rufe. Sai ya buɗe kwanonsa ya ci shi kaɗai, injin sanyaya ɗaki yana taya shi hira.

To, bari in ɗan yi muku bayanin sana'ar, don labarin a kanta ya rataya.

Rubutun manhaja ba a zube yake ba. Gaɓa-gaɓa yake kamar rake, kowace gaɓa da sunanta da aikinta guda ɗaya. Wannan tana lissafa shekarun mara lafiya, waccan tana tura saƙo. Kowace gaɓa tana farawa da wata 'yar alama mai lanƙwasa, alamar buɗewa, ta ƙare da 'yar'uwarta, alamar rufewa. A tsakiyarta ma akwai ƙananan buɗewa da rufewa da yawa.

Manhajar da suke rubutu a cikinta, wadda suke kira edita, ƙirga take yi don ta gane iyakar gaɓa. In ta ga buɗewa ta ƙara ɗaya, in ta ga rufewa ta cire ɗaya. Duk inda lissafi ya dawo babu, nan gaɓa ta ƙare. Da wannan ƙirgar ne maɓalli ɗaya zai tsallake da kai zuwa gaɓa ta gaba, wani ya zaɓo maka gaɓar gaba ɗayanta, wani kuma ya naɗe ta ta koma layi ɗaya tak don kada ta cika maka ido.

Ga masu ido wannan sauƙi ne kawai. Ga Dattijo kuwa shi ne sandarsa. Da maɓallin tsallake yake yawo cikin rubutu, muryar tana faɗa masa sunan kowace gaɓa da ya sauka a kai. Ya san fayilolin kamfanin kamar yadda ya san taku nawa ne daga gadonsa zuwa ƙofar ɗaki.

Shi ya sa shi kaɗai ya gano wani aibi. Kamfanin ne ya haɗa wa kansa wannan mai ƙirgar tun da daɗewa, kuma ba ta da wayo. Masu rubutu kan bar bayanin gefe a cikin aiki, layukan da kwamfuta ba ta aiki da su, don ɗan'adam kawai aka rubuta. Edita mai hankali tsallake su take yi. Tasu kuwa duk alamar da ta gani sai ta ƙirga, ko a bayanin gefe take.

A babban fayil ɗin saƙonni, wani ya taɓa mayar da tsoffin layuka biyu bayanin gefe maimakon ya share su. Ɗaya yana ɗauke da alamar buɗewa, yana cikin gaɓa ta bakwai. Ɗayan yana ɗauke da ta rufewa, yana can ƙasan ta takwas. Saboda haka in edita ta fara ƙirga a ta bakwai, lissafi ba ya dawowa babu sai ta wuce ta takwas. A wurinta gaɓoɓin biyu gaɓa ɗaya ce. In ka danna tsallake, daga ta bakwai sai ta tara, ta takwas ba ta ko amsa suna.

Dattijo ya san tana nan, don shi ya rubuta ta da hannunsa, a watan da likita ya ce masa idon ba zai dawo ba. Aikinta ɗaya ne. Ranar ɗaya ga kowane wata da ƙarfe takwas na safe, ta tura wa masu hawan jini da masu suga saƙo cewa su je su karɓi magani. Mutum dubu huɗu da 'yan kai ke samun saƙon. Lambarsa ma tana ciki. In ba a yi ƙarya ba, in ka cire kiran 'yarsa, wannan saƙon da ya rubuta da kansa shi ne kaɗai abin da ke shigo masa waya yana tambayar lafiyarsa.

Fayil ɗin ba a hannunsa yake ba yanzu. Ƙa'idar ofishin ita ce ba ka taɓa fayil ɗin wani sai da izininsa, kuma mai fayil ɗin shi ne shugaban masu rubutu, wani matashi da ake kira Walƙiya. Sunan bai faɗi ƙasa ba. Yatsunsa a kan maɓallai kamar ruwan sama a kan kwano. Gwani ne, wannan ba musu, matsalar kawai shi ma ya sani.

Sau uku Dattijo yana rubuta masa bayani a shafin da ake kai rahoton matsala. Na farko ba amsa. Na biyu ba amsa. Bayan na uku ya tare shi a bakin injin buga takardu.

"Injiniya, ka ga saƙona kan fayil ɗin saƙonni? Editar nan tana haɗiye gaɓa guda. Ta fi ni makanta, wallahi."

Ya faɗa da wasa ne, yana fatan a yi dariya tare. Walƙiya ya ɗauki takardunsa yana dubawa.

"Baba, manhaja tana aiki ko ba ta aiki?"

"Tana aiki."

"To shi ke nan. Mu da muke kallon allon ba mu ga matsala ba. Ka bar mu da abin da ke gabanmu, don Allah."

Wani daga can ya yi ƙaramar dariya. Kunnen hagun nan da aka bari a buɗe ya ji ta sarai. Dattijo ya koma lungunsa, ya daɗe yatsunsa suna kan maɓallai bai danna komai ba.

Ana tsakiyar wata, Manajar kamfanin ta kira shi ofishinta. Mace ce mai kirki, irin masu kirkin da ba sa son rigima, sai su bi wanda ya fi ɗaga murya. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta sauka.

"Baba, ka san yadda muke girmama ka. Amma Injiniya ya ce aikin da yaran nan ke yi a awa ɗaya kai sai ka wuni a kai. Mun ga daga ɗaya ga wata ka koma ƙasa, teburin amsa kiran asibitoci. Ka ga can ma ba ya buƙatar... ba ya buƙatar allo sosai."

"Za a bar mini damar shiga fayilolin, ranki ya daɗe?"

Ya ji tana juya biro.

"Ƙa'ida ba ta ba mu dama ba, Baba."

Ya yi godiya ya fito. Shekara ashirin da biyu yana wannan sana'a. Ido ya tafi bai yi kuka ba, don ya ce ai an bar masa aikin. Yau da aka ce za a karɓi aikin, sai ya ji kamar yanzu ne ya makance.

Ranar hutu da la'asar 'yarsa ta kira daga garin da take aure. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan, shi da rediyo.

"Baba, ya aiki? Muryarka ba ta yi mini ba."

"Lafiya lau, uwata. Mura ce ke son kama ni."

"Kana dai shan magani?"

"Ina sha. Ai akwai mai tuna mini."

"Abokan aikinka? Allah ya saka musu."

Ya ce amin, bai gyara mata ba.

Ranar ashirin da takwas ga wata, Walƙiya ya tashi da sharar tsoffin gaɓoɓin da aka daina amfani da su. Yadda yake aiki, naɗe duk gaɓoɓin fayil yake yi, kowacce ta koma layi ɗaya, ya bi sunayen da ido yana tsincewa. Ta bakwai ɗin nan tana cikin waɗanda suka mutu tuntuni. Ya danna maɓallin zaɓen gaɓa, layi ɗaya ya yi shuɗi, ya share. Ya gwada manhajar, komai na tafiya, don ta takwas ba ta motsi sai ɗaya ga wata. Wanda ya duba masa aikin ya ga an rubuta "share tsohon kaya", ya sa hannu ko karantawa bai yi ba. Kafin azahar sabon aikin ya isa kwamfutocin asibitoci.

Shi kuwa Dattijo, tun da aka yi masa maganar nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Kullum sai ya buɗe fayiloli yana bi gaɓa-gaɓa, ba don an sa shi ba, sallama yake yi da su. Ranar ya shiga fayil ɗin saƙonni. Muryar ta faɗi sunan ta biyar, ta faɗi na ta shida. Ya san an ce za a share ta bakwai, don haka ya danna yana jiran ya ji sunan tasa.

Sai ya ji sunan ta tara.

Ya koma baya. Ya bar tsallake, ya bi layi-layi da ƙafa, kamar mai laluben allura a tabarma. Babu ita. Ya sa a nemo masa kalmomin saƙon a duk manhajar, muryar ta ce ba a samu komai ba.

Daidai lokacin kujeru suka fara ja da baya. Aka fita cin abinci, ƙofa ta rufe. Ya zauna shi kaɗai da abin da ya sani.

Nan fa shaiɗan ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, kuma ku yarda da ni, maganarsa da ma'ana. In Dattijo ya ja bakinsa kwana uku kacal, ranar ɗaya ga wata saƙo ba zai fita ba. Kafin mako ya ƙare asibitoci za su fara kira suna faɗa. Za a bincika, a ga wanda ya share, a ga rahotanni uku da kwanan watansu da sunan wanda ya rubuta. Ba sai ya ce uffan ba, gaskiya za ta yi halinta a gaban kowa, kujerarsa ta tsira. In kuwa ya faɗa yanzu, a minti biyar za a gyara, ba wanda zai san an yi, shi kuma ya sauka ƙasa kamar yadda aka tsara.

Ya buɗe kwanon abincinsa ya rufe. Zuciyarsa ta so shirun nan, ba zan ɓoye muku ba. Ya ji daɗin hango Walƙiya yana in-ina a gaban Manaja.

Amma sai ya tuna mutum dubu huɗun nan. Ya san a cikinsu akwai tsohuwar da ba ta san kwanan wata ba sai wayarta ta yi ƙara. Akwai direban da zai ce sai gobe, goben ta zama wata biyu. Ya san inda wannan goben take kai mutum, don a can yake zaune.

Da aka dawo, ya miƙe. Tebur huɗu gaba, ɗaya hagu. Ya dafa bayan kujerar Walƙiya ya sunkuya, ya rage murya yadda na kusa ba zai ji ba.

"Ɗana, buɗe abin da ka share ɗazu. Kada ka duba shi a naɗe, warware shi."

"Baba, ina tsakiyar..."

"Layi nawa ta bakwai take da shi? Ba ta fi arba'in ba. Duba layi nawa ka share."

Ya ji yatsun nan masu sauri sun yi 'yan danne-danne, sannan suka tsaya cak.

"Ɗari da sittin da uku," in ji Walƙiya, muryarsa kamar ba tasa ba. Can ya ce, "Wa ka gaya wa?"

"Kai."

"Manaja fa?"

"Fayil ɗinka ne. Ka mayar da ita, ka share layukan gefen nan biyu, ka tura wa asibitoci kafin a tashi."

Ya juya ya koma lungunsa. Kafin awa ɗaya ya danna tsallake daga ta shida, muryar ta faɗi sunan gaɓarsa. Karo na farko ke nan da edita ta kira ta da kanta.

Kuna tsammanin Walƙiya ya zo ya yi godiya? Ko kusa. Kwana biyu yana kewaye lungun kamar akwai rami a wurin, har bugun takarda ya daina. Dattijo bai yi mamaki ba, amma ya ji ciwo. Kunnen hagun ya yi ta jira a banza.

Ranar ɗaya ga wata ya zo da wuri don ya kwashe kayansa. Ba su da yawa: kofin shayi, kwanon abinci, da hoton matarsa da har yanzu yake ajiyewa a tebur ko da yake ba ya ganinsa. Yana jera su a kwali, ma'aikata suna shigowa ɗai-ɗai, kowa ya yi tsit don kunya.

Ƙarfe takwas daidai wayarsa ta yi ƙara. Da yake a saite take ta karanta masa duk saƙon da ya shigo, sai muryar ta tashi a tsakiyar shirun, kowa yana ji:

"Barka da safiya. Lokacin karɓar maganinka ya yi. Kada ka ce sai gobe."

Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Na ji, na gode." Haka yake amsa mata duk wata, yau ne kawai aka ji shi. Ya rungumi kwalinsa, ya lalubi ƙofa, ya sauka bene yana ƙirga matakala. Ba wanda ya motsa.

Teburin amsa kira yana ƙarƙashin bene, ba taga. Ya zauna gaban wayar har hantsi ya ɗaga, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Ina za ta yi, tunda saƙo ya isa ga kowa? Shi da kansa ya kashe ƙarar da za ta cece shi. Ya yi 'yar dariya da ya tuna haka, sannan ya share ido da bayan hannu.

Wajen sha ɗaya ya ji taku a matakala. Ya san takun kowa a ofishin, kuma wannan na Walƙiya ne, sai dai yau ba tsalle biyu-biyu yake yi ba. Bayansa akwai takalmin Manaja.

Ita ta fara magana. "Baba, Injiniya ya shigo wurina tun ƙarfe takwas da 'yan mintuna. Ya nuna mini rahotanninka uku, ya nuna mini abin da ya share, ya gaya mini wanda ya gano. Ni na ɗauka jinkiri kake yi, ashe karatu kake yi. Ka yafe mini."

Sai Walƙiya ya karɓi maganar.

"Baba, ban san kana cikin masu karɓar saƙon ba. Ban ma taɓa tunanin su waye ke karɓa ba. Muna da fayil sittin da ɗaya. Ban san nawa ne ke da irin wannan ramin ba, kuma da idona ba zan gani ba, don duk a naɗe nake kallonsu. Ina so mu gyara mai ƙirgar nan ta daina lissafa bayanin gefe. Amma sai ka bi da ni tukuna."

Dattijo ya ji an ɗauki kwalinsa daga kan tebur.

Da suka hau sama, ya nufi lungunsa da ƙirgar da ya saba, sai gwiwarsa ta bugi wani abu da ba ya wurin da safe. Ya shafa. Kujera ce ta biyu, an jawo ta dab da tasa.

Suka zauna. Ya buɗe fayil na farko, ya sa abin sauraro a kunnen dama. Sannan ya lalubo ɗaya kan, wanda ya shekara shida yana reto a ƙirjinsa, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa gefensa.

"Ungo, ɗana. Rufe idonka. Za mu fara daga ta ɗaya."

Da lokacin cin abinci ya yi, kujeru suka ja da baya kamar kullum. Ta kusa da shi ba ta motsa ba.

Darasi: Kada saurinka ya sa ka raina mai tafiya a hankali, wataƙila shi ne kaɗai ke taka inda kowa ke tsallakewa, kuma sauri kan haifi nawa. In gaskiya tana hannunka, kada ka jira mutane su cutu don a san kai ne mai gaskiya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sannan ka waiwaya wurin aikinka ko gidanku, akwai wani a lungu da ya bar kunne ɗaya a buɗe yana jiran a yi masa magana. Yi masa yau, kada ka ce sai gobe. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga abokan aikinka da 'yan'uwa su ma su karanta.